Rasuwar Yaya Mai Rediyo: zaren ta'aziyya a zauren unguwa

Ƙanwar marigayi:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Yau kwana bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran yayanmu, wanda duk unguwa ta sani da Yaya Mai Rediyo, kuma sai yau na samu natsuwar zama in rubuta godiya ga waɗanda suka halarci jana'iza da waɗanda suka yi ta sintiri gidanmu kwana uku na zaman makoki. Allah ya bar zumunci.

Ina so kuma in faɗi wani abu game da shi, domin da yawa daga cikin matasanmu sun tashi sun gan shi ne a kan kekensa na guragu, ba su san hanyar da ya bi ba. Mahaifiyarmu ta sha ba mu labari cewa yana ɗan shekara uku, yana gudu da ƙafafunsa kamar kowane yaro, zazzaɓi ya kama shi na 'yan kwanaki, da ya sauka sai aka tsayar da shi ya kasa tsayuwa. Ta goya shi zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, aka yi masa takalmin ƙarfe, amma ƙafafun biyu duka sun riga sun shanye. Mahaifinmu ya ce ko da jan ciki ne sai ya je makarantar allo tare da sa'o'insa, haka kuwa aka yi. Abin da ba zan manta ba shi ne silifa biyu da yake sawa a tafin hannu, da faci na robar taya da mahaifiyarmu take ɗinka masa a gwiwar wando, domin duk wata biyu sai gwiwar ta cinye. Da ya girma ya koyi gyaran rediyo a Sabon Gari, ya dawo ya buɗe shago a zauren gidanmu. Lokacin da mahaifinmu ya rasu, daga wannan teburi mai gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi aka ci gaba da auno mana hatsi, daga nan kuma aka yi mana mu uku mata kayan ɗaki. Ku sa shi cikin addu'a, kuma duk wanda yake bin sa wani haƙƙi ya tuntuɓe mu kafin a raba gado.

Dattijon layin masallaci:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata, Allah ya ba ku haƙuri. Ni na girme shi da kaɗan, kuma tare muka yi ƙuruciya. Shekaru masu yawa zauren nan shi ne majalisarmu bayan sallar asuba, domin a nan ake kamo sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka a gajeren zango ba tare da ƙugi ba, saboda wata doguwar waya da ya ɗaura daga kan soro zuwa bishiyar darbejiya. Da gidan rediyon Freedom ya fara aiki a ƙarshen 2003, mutane suka yi ta kawo masa tsofaffin akwatuna suna tambaya ko za su kama zangon FM, shi kuwa yana gaya wa kowa gaskiya, wanda ba zai gyaru ba ya ce kada ka ɓata kuɗinka. Ranar jana'izarsa na ga abin da ban taɓa gani ba, wato jerin kekunan guragu suna bin makara tun daga ƙofar gida har maƙabartar Dandolo, cikin zafin azahar, ba wanda ya juya. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya zama dausayin Aljanna.

Ɗan unguwa mazaunin Abuja:
Allah ya gafarta masa. Gaskiya bawan Allah ya sha wahalar duniya, yanzu dai ya huta. Duk da nakasarsa bai taɓa miƙa hannu ya roƙi kowa ba, ya zama abin koyi ga masu cika mana tituna da bara. Dama Hausawa sun ce babu nakasasshe sai kasasshe.

'Yar marigayi:
Kawu, na gode da addu'a, kuma na san da kyakkyawar niyya ka rubuta. Sai dai ina neman izininka in gyara kalma ɗaya, domin tun ranar rasuwar nake jin ta a bakin masu gaisuwa tana sukar zuciyata. Baba bai ɗauki rayuwarsa a matsayin wahalar da yake jiran a sauke masa ba. Mutum ne mai son duniyarsa: yana son tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, yana son Kano Pillars har ransa ya ɓaci idan an ci su, yana kuma shirin aurar da ƙanwata bayan babbar sallah. Idan muka ce ya huta, muna fata ne ya huta da rahamar Ubangiji kamar kowane mumini, ba wai ya rabu da wata rayuwa marar daɗi ba. Ina aji uku a firamare wata yarinya ta kira ni 'yar gurgu, na dawo gida ina kuka. Ya ajiye ƙarfen narka dalma, ya ɗora ni a cinyarsa, ya tambaye ni ko ƙarya ta yi. Na ce a'a. Ya ce to gobe in gaya mata haka ne, kuma gurgun ne ya gyara rediyon babanta. Tun daga ranar ban sake jin kunyar kalmar ba.

Abokin marigayi daga ƙungiyar masu shan inna:
Jama'a, ni ma a kan keke nake, kuma fiye da shekara talatin muna tare da marigayi. Ɗana na Abuja, ka yi mini haƙuri, zan ɗan tsawaita a kan maganarka, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan karin magana ta babu nakasasshe sai kasasshe mu ma muna faɗinta a tsakaninmu don ƙarfafa wa juna gwiwa, amma idan mai ƙafa ya ɗauke ta ya jefi mabarata da ita, ta zama bulala. Marigayi da kansa ba ya yarda a yabe shi ta hanyar zagin 'yan'uwansa. Yakan ce shi ya samu uba da ya tura shi makaranta, ya samu ubangida da ya yarda ya koya masa sana'a, ya samu zauren gado da ba ya biyan haya, to wanda aka kawo daga ƙauye yana ɗan shekara bakwai aka ajiye a bakin danja da ƙoƙo a hannu, da wanne daga cikin ukun nan zai fara? A 2013 gwamnatin Kano ta haramta bara a tituna, ana kama mutanenmu, kuma a zauren nan na ga marigayi ya kwantar da mutum biyu har suka samu kuɗin mota. Ba ya son bara, wannan gaskiya ne, amma bai taɓa raina mai yin ta ba. Kowace Juma'a yana ware wani abu daga cinikinsa ya kai wurin masu ƙera kekunan guragu, a haɗa a saya wa wani yaro, saboda ya san bambancin da ke tsakanin mai keke da mai jan gindi a cikin taɓon damina.

Ɗan unguwa mazaunin Abuja:
Baba, na karɓi gyara, ke ma 'yata ki yafe mini. Ban yi nufin cin fuska ba. Amma ina da tambaya ta gaskiya: a ofis an koya mana cewa kalmar gurgu ba ta dace ba, a riƙa cewa masu buƙata ta musamman. Yanzu kuma na ga ku da kanku kuna faɗinta. Wanne ne daidai?

Abokin marigayi daga ƙungiyar masu shan inna:
Tambayarka tana da kyau, kuma ko a cikinmu ba a haɗu a kan amsa ɗaya ba. Matasanmu da suka yi boko sun fi son masu buƙata ta musamman ko masu lalura, kuma ina girmama ra'ayinsu, domin sun ga yadda ake amfani da tsohuwar kalmar wajen zagi, har da karin maganar nan da ake cewa gurgu ya fi mai ƙafa ban haushi. Mu tsofaffi kuwa mun tashi mun tarar da Sarkin Guragu da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare a tsarin sarautar garin nan, sunayen ba su zama abin kunya a wurinmu ba. Shawarata ita ce ka kira mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa, idan kuma dole ne ka ambaci lalurarsa, ka tambaye shi yadda yake so.

Malamin Islamiyya:
Allah ya jiƙan Yaya, ya kyautata namu zuwan. Ina so in ƙara abu kaɗan daga ɓangaren addini, domin marigayi ɗalibinmu ne a karatun dare, kuma ya fi mu duka zuwa da wuri. Alƙur'ani ya ambaci makaho da gurgu da marar lafiya a fili a Suratun Nur aya ta 61 da Suratul Fathi aya ta 17, kuma a wuraren biyu ɗauke musu ƙunci aka yi, ba rage musu daraja ba. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, wanda ya zama ladanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ana bar masa kula da Madina idan an fita yaƙi. Amru ɗan Jamuh kuwa gurgu ne, 'ya'yansa suka so hana shi fita saboda yana da uzuri, ya dage, ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, waɗannan sahabbai cikin jama'a suke, cikin sahu suke, an ba su aiki sun yi. A nan ne nake jin nauyi a zuciyata game da Yaya, kuma zan bar wa wanda ya fi ni sanin lamarin ya faɗa.

Tsohon yaron shagonsa:
Malam, na gane inda ka dosa, kuma ni zan faɗa, domin ni ne nake tura kekensa. Shekara shida na yi a hannun Oga kafin in koma gyaran waya a Farm Centre, kuma duk abin da nake ci yau daga hannunsa ya fito. Shi ya koya mini in shinshina allon rediyo kafin in taɓa shi da mita, domin abin da ya ƙone yana da wari, shi ya kuma koya mini in jera kusoshi a kan farin ƙyalle bisa tsarin da na kwance su. Da wayoyin hannu suka shigo kasuwar rediyo ta ja baya, bai tsaya kuka ba, ya koma gyaran fitilu masu caji da fanka da dutsen guga, ni kuma ya kore ni da kansa ya ce in je in koyi abin zamanina.

Maganar masallaci kuwa ga yadda take. A da ƙofar masallacinmu daidai take da ƙasa. Oga yakan zo kafin kiran sallah, ya sauka daga keke, ya cire silifan hannunsa ya ajiye su cikin takalman jama'a, ya wanke tafukansa da butar da yake ratayewa a jikin keke, ya shiga sahun farko ta gefen dama. Da aka yi gyara aka ɗaga ginin saboda ambaliya, sai aka yi matakala uku masu tsawo aka shimfiɗa musu tayil mai santsi. A makon farko ya gwada hawa, hannunsa ya zame a kan ruwan alwala, haƙarƙarinsa ya bugu. Muka ce za mu riƙa ɗaukarsa, ya yarda sau biyu, a na uku ya ce shi magidanci ne mai 'ya'ya, ba zai yarda a riƙa ɗaga shi kamar buhu sau biyar a rana a gaban surukansa ba. Tun daga nan yake sallah a waje, a kan tabarma kusa da kekensa, da sanyin hunturu da yayyafin damina, kusan shekara takwas. Ya yi wa kwamiti magana sau biyu, aka ce za a duba. Ni kaina ina cikin masu laifi, domin kullum ina wuce shi in hau matakalar nan in shiga ciki.

Dattijon layin masallaci:
Ina cikin kwamitin da ya yi wannan gyara, kuma ba zan ɓuya a bayan kowa ba. Wallahi ba mugunta ba ce, tunaninsa ne bai zo mana ba lokacin da ake zana ginin, bayan an gama kuma muka riƙa cewa sai an samu kuɗi, alhali mun samu kuɗin sayen sababbin lasifikoki da darduma. Wata rana yana zaune a kan tabarmarsa ina fitowa ya ce mini, Yaya, har yanzu ana dubawa? Na yi dariya na wuce. Wannan dariyar tana damuna tun ranar da aka ce ya cika. Ina roƙon iyalinsa su yafe mana.

Ma'aikaciyar lafiya:
Baba, Allah ya saka da wannan gaskiya. Ina so in bayyana dalilin da ya sa hawa matakala ya gagare shi a ƙarshen rayuwarsa, domin na ji wasu suna cewa ai da can yana hawa ko'ina. Wanda shan inna ta taɓa yana yaro, bayan shekaru masu yawa yakan sake fuskantar sabon rauni da gajiya da ciwon gaɓoɓi, ga shi kuma kafaɗu da wuyan hannu da suka yi aikin ƙafafu shekara hamsin sukan gaji. Saboda haka abin da ya iya yana ɗan talatin ba zai iya shi yana ɗan sittin ba.

Akwai kuma wani aikinsa da ba a ambata ba. Cutar nan ƙwayar cuta ce da take shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da bahaya ya gurɓata, ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma cikin kusan yara 200 da suka kamu ɗaya ne yake shanyewa har abada, sauran suna yaɗa ta ba a sani ba. Kakanninmu sun ɗauka aljana ce, Inna, take shanye ƙafar yaro, daga nan sunan ya samo asali. Kowa a nan ya tuna yadda aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003 saboda zargin da ake yi wa maganin, aka dawo da shi a 2004, amma tsoron bai fita daga zukatan iyaye ba. Na yi aikin bin gida-gida a shekarun da suka biyo baya, an sha rufe mana ƙofa, an sha ɓoye yara a ƙarƙashin gado. A layinmu Yaya ne yake shiga gabanmu da kekensa. Ba ya wa'azi, ba ya faɗa. Sai ya yi sallama da maigida, su gaisa, ya ɗaga bakin rigarsa ya nuna ƙafafunsa, ya ce da a zamaninsa akwai ɗigo biyun nan da mahaifiyarsa ba ta yi jinkiri ba. Gidaje da yawa ta haka suka buɗe. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta shanye a jihar Kano an same shi ne a Sumaila a watan Yulin 2014, a Nijeriya kuma a Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. A ranar na same shi a shago, rediyo biyu a kunne, yana share hawaye da gefen hula. Sai dai iyaye su sani har yanzu ana rigakafi, domin akwai wani nau'in da yake ɓulla inda yara ba su samu cikakken ɗigo ba.

Lauya ɗan unguwa:
Allah ya gafarta wa Yaya. Don amfanin jama'a, akwai dokar tarayya ta hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a suke shiga yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Ta tanadi aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan 1 ga kamfani. Duk wanda yake yawo a garin nan ya san yawan bankuna da ofisoshi da makarantun da har yanzu matakala ce take tarbar mutum a ƙofa. Amma a ganina masallacinmu ba ya buƙatar jiran doka.

Ƙanwar marigayi:
Baba, na karanta wa mahaifiyar yara saƙonka, ta ce in gaya maka an yafe, kuma marigayi bai taɓa ambaton sunan kowa da sharri a kan wannan magana ba. Abin da ya taɓa gaya mata shi ne yana kewar jin kafaɗar mutum a jikin tasa a cikin sahu. Mun yi shawara a gida cewa kuɗin da aka tanada don dafa abincin sadakar arba'in za mu ba da shi a yi hanyar gangare a ƙofar masallaci, idan kwamiti ya amince. Akwai tsofaffi biyu a layinmu da ciwon gwiwa ya hana su jam'i, akwai kuma yaron gidan mai shayi da yake jan ƙafa.

Malamin Islamiyya:
Hajiya, wannan ita ce sadaka mai gudana, kuma ina fata ladanta ya riske shi. Na yi magana da liman yanzu, ya amince, ya ce a ƙara da gyaran wurin alwala, a yi famfo ɗaya a ƙasa-ƙasa inda mai zaune zai kai.

Magini ɗan unguwa:
Na je na auna bayan la'asar. Tudun matakalar uku inci 18 ne. Ƙa'idar da ake bi ita ce kowane inci 1 na tudu a ba shi ƙafa 1 na tsawo, domin idan gangaren ya yi tsaye mai keke ba zai iya hawa shi kaɗai ba, sai an tura shi, mun koma gidan jiya ke nan. Saboda haka muna buƙatar ƙafa 18, kuma ba za ta shiga ta gaba ba saboda kwata, sai dai a bi jikin bangon kudu a shigo ta ƙaramar ƙofa. Ba za a sa tayil ba, siminti za a bari da kaushinsa, a kafa ƙarfen riƙewa a gefe biyu. Kuɗin aikina na yafe, domin fankar ɗakina sau uku yana gyara ta bai karɓi sisi ba.

Abokin marigayi daga ƙungiyar masu shan inna:
Malam magini, kafin ku zuba siminti ku kira ni in zo da kekena a gwada faɗin da wurin juyawa, saboda keken hannu ya fi kujerar asibiti tsawo, kuma na ga wurare da dama da aka yi gangare mai kyau amma ƙofar ta kasa ɗaukar keken.

'Yar marigayi:
Baba, za mu kira ka in sha Allahu. Keken mahaifinmu yana nan a zaure, sarƙarsa sabuwa ce, tayar baya ɗaya ce kawai take buƙatar canji. Mama ta ce a ba yaron gidan mai shayi idan ba zai yi masa girma ba. Ka zo ranar Asabar da hantsi ka duba ko za a iya rage masa tsawon kujerar, sannan ka ɗauki butar da ke rataye a jikinsa, ta ce kai ya kamata ka riƙe ta.